Dayarin Richard Burton ko na Alan Rickman: wanne za ka fara saya?

Littattafai biyu ne, kowanne kaurinsa ya isa mutum ya yi matashin kai da shi, kuma yadda kuɗin littafin waje ya koma yanzu, ba kowa ne zai iya haɗa su lokaci guda ba. Ɗaya dayarin Richard Burton ne, wato littafin da yake rubuta abin da ya faru da shi kowace rana, wanda aka buga a 2012. Ɗayan na Alan Rickman ne, da ya fito a watan Oktoba na 2022 da sunan Madly, Deeply. Dukansu 'yan wasan Birtaniya ne, dukansu sun rasu kafin a fito da abin da suka rubuta, kuma dukansu an san su da irin muryar nan da ko kana ɗaki na gaba ka ji ta sai ka leƙo. Duk wanda ya tambaye ni wanne zai fara saya, Burton nake ce masa. Sai dai akwai mutanen da wannan amsar za ta cuce su, shi ya sa zan bi abin daki-daki.

Matasanmu Rickman suka fi sani. Shi ne Hans Gruber, bos ɗin Die Hard na 1988 mai kwat da gemu a gyare, shi ne kuma malam Snape mai baƙar riga a finafinan Harry Potter guda takwas, daga 2001 zuwa 2011. Burton kuwa sai dattawan da suka yi zamanin silima, waɗanda suka kalli Where Eagles Dare da The Wild Geese, ko waɗanda suka ji labarin aurensa da tauraruwar fim Elizabeth Taylor. To tarkon farko ke nan. Mutum yakan sayi dayarin wanda ya fi so a fim, yana zaton wanda ya iya wasa ya iya ajiye rana a takarda. Sana'o'i biyu ne daban.

An haifi Burton a 1925 a ƙauyen Pontrhydyfen da ke kudancin Wales, da sunan Richard Jenkins. Shi ne na 12 cikin 'ya'ya 13 na wani mai haƙar kwal. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara biyu, yayarsa Cecilia ta ɗauke shi ta raine shi a Port Talbot. Yaren mutanen Wales ya fara buɗe baki da shi, Ingilishi daga baya ya zo. Malaminsa na makaranta, Philip Burton, shi ya ga abin da ke jikin yaron, ya riƙe shi, ya goge masa harshe, har yaron ya ɗauki sunansa. Duk wanda ya taso da harshen gida ya koyi na boko da gumi zai gane wani abu a rubutun Burton: yana riƙe Ingilishi kamar dukiyar da ya sha wuya kafin ya samu, yana juya kalma yana duba ta gaba da baya, kuma ba ya gajiya da nuna cewa ya mallake ta.

Littafin ya fara ne da ɗan dayarinsa na yaro mai shekara 14, daga ƙarshen 1939 zuwa 1940: makaranta, coci, silima, ƙwallo, layi ɗaya ko biyu a rana. Kada wannan ya sare maka gwiwa. Naman littafin yana tsakanin 1965 da 1972, shekarun da shi da Elizabeth Taylor suke kan ganiyarsu, duniya tana binsu da kyamara duk inda suka sa ƙafa. A nan ne yake zama da sassafe, sau da yawa a gaban tafireta, ya zubo shafi guda ko biyu a zama ɗaya. Bayan 1972 sai rubutun ya riƙa yankewa, ya dawo a 1975, ya ɓace, ya sake leƙowa a 1977 da 1980, ya tsaya a 1983, shekara guda kafin rasuwarsa a Suwizalan yana da shekara 58.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne mutumin nan ba ya ƙaunar sana'arsa. Sau bakwai aka sa sunansa a takarar Oscar, bai taɓa ɗauka ba, amma ba wannan ne ciwonsa ba. A 1969, lokacin da yake aikin fim ɗin da ya fito a matsayin Sarki Henry na takwas, ya rubuta cewa ya tsani wasan kwaikwayo, ya maimaita kalmar tsanar har sau uku a jere, ya kwatanta tafiyarsa wurin aiki da ta akawun banki da yake cusa kansa cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kowace safiya. Marubuci ya so ya zama, ko malamin jami'a. Karatu yake yi kamar mai jin yunwa: tarihi, waƙa, labaran 'yan sanda, nahawun harsuna. Zai gaya maka littafin da ya gama jiya da dare, ya yanke masa hukunci, ya wuce na gaba. Ni dai na fito daga dayarin nan da jerin sunayen littattafai da ban shiga da su ba, kuma wannan kaɗai ya biya ni wani ɓangare na kuɗina.

Sai Elizabeth. Sun yi aure a 1964, suka rabu a 1974, suka mayar da auren a Botsuwana a 1975, suka sake rabuwa a 1976. Ba ka buƙatar sanin finafinanta kafin labarin ya kama ka, domin abin da ke takardar zaman miji da mata ne tsirara. Yau ya yabe ta kamar zai haɗiye ta, ya ce duk sa'ar da ya taka a duniya ba ta kai samunta ba. Gobe sun yi kaca-kaca, ya zauna ya rubuta irin baƙar maganar da ya yaɓa mata, yana jin kunyar kansa. Ita ma takan karanta dayarin, wani lokaci har ta sa hannu ta rubuta nata a ciki. Wannan ya sa dole mai karatu ya riƙa tambayar kansa: yabon nan, don ni aka yi ko don ta gani? Ina ganin duka biyun ne, kuma hakan bai rage masa gaskiya ba. Namijin da ya san matarsa za ta karanta, amma ya rubuta laifinsa da nata, ya yi abin da da yawa ba za su iya ba.

Watan Yulin 1968 shi ne inda littafin ya fi nauyi. An yi wa Elizabeth babban aiki a asibiti a Landan, aka cire mata mahaifa, yana ɗaki na kusa yana jin ihunta. Ba a jima ba yayansa Ifor, wanda yake ɗauka kamar uba, ya faɗi a gidan Burton da ke Céligny ta Suwizalan ya karya wuya, jikinsa ya shanye, haka ya zauna har ya rasu a 1972. Daga nan za ka ga shan giyar Burton ya tashi daga na nishaɗi ya koma na mai gudun kansa. A dayarin 1975 akwai kwanaki a jere da ba a rubuta komai ba sai kalma ɗaya tak, wato giya. Mutumin da ya saba cika shafi biyu kafin karin kumallo. Ban ga wata nasiha a kan barasa da ta kai waɗannan fararen shafukan ba, kuma shi bai yi niyyar yi wa kowa nasiha ba.

Akwai kuma kuɗi, kuɗi na fitar hankali. Jirgin ruwansu na shaƙatawa mai suna Kalizma, gidansu a Puerto Vallarta ta Meziko, da lu'ulu'un nan mai nauyin karat 69 da kamfanin Cartier ya riga shi saye a gwanjo a 1969, shi kuma ya tsaya a kan wayar otal yana ciniki har ya karɓe shi a kan dala miliyan 1.1. Ya rubuta yadda ya haukace a ranar, yana yi wa kansa dariya. Amma ko a tsakiyar wannan facaka ɗan mai haƙar kwal ɗin bai mutu ba. Zai zauna ya yi lissafin abin da ya rage masa, da yawan dangi da ma'aikatan da ke ci a ƙarƙashinsa, kamar kowane mai arzikin da ya fito daga babban gida. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar tafinta a wurinmu.

Ga wani abu da ban yi zato ba. A farkon 1967 Burton da Elizabeth suna Kwatano. An je can ne ɗaukar fim ɗin The Comedians, wanda labarinsa a Haiti ya faru, amma gwamnatin Duvalier ba za ta bari a ɗauke shi a ƙasarta ba, sai aka mayar da Dahome ta wancan lokaci ta zama Haiti. Ya rubuta zafin garin, da zamansu, da ganawarsu da shugaban ƙasar na lokacin, Janar Christophe Soglo. Kallon Bature ne na shekarun 1960, da duk abin da hakan ke nufi, kuma za ka ci karo da kalmomin da za su sa ka ɗaure fuska. Duk da haka, ganin garin da 'yan kasuwarmu suke zuwa sarin motoci ta idon tauraron da ya fi kowa tashe a zamaninsa, abu ne da ba kullum ake samu ba. A 1971 kuma yana Yugoslabiya tare da shugaban ƙasar, Marshal Tito, wanda Burton ya fito a matsayinsa a wani fim, yana lura da yadda na kusa da shugaban suke rawar jiki a gabansa.

Yanzu Rickman. An haife shi a yammacin Landan a 1946, shi ma ɗan talakawa, uwarsa 'yar asalin Wales, ubansa ya rasu yana ɗan shekara takwas. Zane ya fara karanta, ya yi sana'ar tsara hotuna da rubutu na wasu shekaru, sai yana da shekara 26 ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA. Bai yi fim ɗin silima ba sai da ya haura 40. Dayarin da aka buga ya fara daga tsakiyar 1993 ya ƙare a Disambar 2015, makonni kaɗan kafin rasuwarsa ranar 14 ga Janairun 2016. Littattafai ne fiye da 25 da ya rubuta da hannu, irin masu shafi ɗaya ga kowace rana, yana yi musu ado da zane da launi, an kuma sa hotunan wasu shafukan a cikin bugun. Alan Taylor ne ya tace, Emma Thompson ta rubuta gabatarwa, matarsa Rima Horton ta rubuta rufewa.

Shafi ɗaya a rana yana da tasiri a kan abin da mutum zai rubuta. Burton takarda ba ta ƙare masa, Rickman kuwa wuri ƙayyadadde gare shi, kuma dama shi ba mai yawan magana ba ne. Abin da za ka fi gani shi ne irin wannan: ƙarfe nawa mota ta zo ɗaukarsa, wane jirgi ya hau, wane wasa ya kalla da dare, da wa da wa aka ci abinci a wane gidan abinci, sai jumla guda mai kaifi a kan daraktan da bai san abin da yake yi ba. Sunaye kamar ruwan sama. In ba ka san mutanen dandamalin Landan na shekarun 1990 ba, za ka yi shafi goma kana jin kamar ka shiga bikin da ba ka san ango ba, ba ka san amarya ba.

Wanda ya zo don Harry Potter ya sani tun yanzu cewa rabonsa kaɗan ne, kuma mafi daɗinsa jaridu sun riga sun tsakuro shi tun kafin littafin ya fito. Akwai ƙorafinsa a kan yaran da ba su riƙe layukansu ba, da gajiyarsa da aikin har ya nemi ya fita tun bayan fim na biyu. Akwai sirri guda da marubuciyar labarin, J.K. Rowling, ta raɗa masa tun farko game da wadda Snape yake so, wanda ya ce shi ya riƙe har ƙarshe. Sannan akwai wurin da ya fi taɓa ni. A 2005 aka gano yana da sankarar prostate, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka yi masa aiki a Nashville a Janairun 2006, ba tare da duniya ta sani ba. Makonni kaɗan bayan haka ya rubuta, cikin layi biyu, cewa ya amince zai yi fim na biyar, don hujjar da ta rinjaye shi ita ce labarin nasa ne, ya kai shi ƙarshe. Haka Rickman yake. Abin da Burton zai yi wa shafi uku, shi sai ya naɗe shi a layi biyu ya tura ƙarƙashin jerin sunayen waɗanda suka zo cin abinci. In ka yi gaggawa, ka wuce shi ba ka gani ba.

Ta wani gefen kuma ya fi Burton nesa ba kusa ba. Rickman yana son aikinsa, yana kuma ɗaukarsa da muhimmanci. Mai son sanin yadda ake haɗa wasa, yadda jarumi yake jayayya da darakta a kan inda za a ajiye kyamara, yadda ake neman kuɗin fim shekara da shekaru, a nan zai samu. Ya ba da umarni a finafinai biyu, The Winter Guest a 1997 da A Little Chaos a 2014, kuma wahalar kowanne tana cikin littafin. Matashin da ke harkar fim, ko a Kano yake ko a Jos, zai ga cewa jiran da ake yi a lokeshan, da rubutun da ake canjawa ana tsakiyar ɗauka, da furodusan da ke cewa kuɗi na hanya, ba ciwon gida ba ne kawai. Burton ba zai koya maka komai a kan wannan ba, domin shi kansa agogo yake kallo ya ga yaushe za a tashi ya koma ga littafinsa.

Wani abin sha'awa shi ne hanyoyinsu sun gitta sau biyu, kuma nan ne za ka fi ganin bambancin halinsu. Dukansu sun fito a matsayin Mark Antony: Burton a fim ɗin Cleopatra na 1963, inda soyayyarsa da Elizabeth ta fara, Rickman kuma a dandamalin National Theatre a 1998 tare da Helen Mirren, inda masu sharhi suka yi musu wankin babban bargo. Abin takaici, dayarin Burton bai kama lokacin Cleopatra ba, don haka wanda ya saya don ya ji yadda aka fara, ya yi asara. Na Rickman kuwa ya kama nasa, kuma za ka ga mutum yana haɗiye ciwo da 'yan kalmomi. Dukansu kuma sun yi wasan Private Lives na Noël Coward, labarin miji da mata da suka rabu suka sake haɗuwa. Rickman ya yi shi da Lindsay Duncan a 2001 da 2002, aka yaba. Burton ya yi shi a 1983 da Elizabeth kanta, shekara bakwai bayan rabuwarsu ta biyu, jama'a suka cika zaure don su kalli tsofaffin ma'aurata, masu sharhi suka yi tir. Shafukan ƙarshe na dayarinsa a kan gwajin wannan wasa ne, yana ƙorafin makararta da rashin riƙe layukanta, yana cewa ta gundure shi. Ka tuna yabon da ya yi mata a baya, ka karanta wannan. Babu marubucin ƙagaggen labari da zai tsara shi ya fi haka ciwo.

Batun Ingilishi fa, tunda da shi aka rubuta su duka biyun. Da ganin shafi za ka ce na Rickman ya fi sauƙi, saboda gajerun layuka. Ni akasin haka na gani. Gajartar tasa cike take da rabin jumla, da harufan farko na sunaye, da habaicin da sai ɗan gari. Burton jumlolinsa dogaye ne, yana jefo baitin Shakespeare ko kalmar Faransanci, za ka buɗe ƙamus sau da yawa, amma zancen a cike yake, yana da kai yana da ƙafa, kuma ka gama shafi ka ƙaru da harshe. Bugun nasa ma na jami'a ne. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Yale ne ya fitar, Farfesa Chris Williams, masanin tarihin Wales, ya tace, ya cika ƙasan shafuka da bayanin kowane suna da kowane wuri. Masu sharhi a Ingila da Amurka sun yi masa tsiya cewa yana bayyana abin da kowa ya sani. To kowa ɗin nan ban da mu. Abin da ya zame musu surutu, a wurin mai karatu daga nesa fitila ce. Littafin ya kusa shafi 700, na Rickman bai kai 500 ba, amma na Burton na fi saurin gamawa.

Akwai tambayar da na san tana cin wasu, domin ni ma ta ci ni: ya halatta mutum ya zauna yana karanta sirrin mamaci? Mu da aka raina a kan sutura, da cewa mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Ga dai yadda kowanne ya iso hannun jama'a. Matar Burton ta ƙarshe, Sally, ita ta ba marubuci Melvyn Bragg damar amfani da dayarin a tarihin Burton da ya fitar a 1988, sannan ta miƙa takardun ga Jami'ar Swansea a 2005. Cikakken bugun bai fito ba sai bayan rasuwar Elizabeth Taylor a 2011. Kuma rubutun da kansa yana nuna mutumin da yake tsammanin za a karanta shi wata rana, yana gyara jumla, yana gwada alƙalami. Na Rickman da yardar matarsa aka buga, wadda suke tare tun 1965 suka kuma ɗaura aure a 2012, amma an yi ta muhawara a kan ko shi da kansa ya so hakan, ganin yadda ya ɓoye rashin lafiyarsa har ƙarshe, ga kuma abokan aikinsa da yawa suna raye suna karanta abin da ya ce a kansu. A nan na fi jin nauyi da na Rickman. Burton kamar mai zance a tsakar gida yake, Rickman kuwa wani lokaci ji nake kamar na ɗaga labulen ɗakinsa.

Sai dai shi ma Rickman ya taɓa zama a kujerar edita. Rachel Corrie 'yar Amurka ce mai shekara 23 da motar rusau ta sojan Isra'ila ta take a Rafah a watan Maris na 2003, tana ƙoƙarin hana rushe gidan Falasɗinawa. Rickman da 'yar jarida Katharine Viner suka karɓi dayarinta da wasiƙunta da izinin iyayenta, suka tace su suka mayar wasan kwaikwayo, shi ya ba da umarni, aka nuna a Royal Court ta Landan a 2005. Da wani gidan wasa a New York ya ɗage nunawa a 2006, Rickman ya fito fili ya kira abin da sunan toshe baki, kuma kafin shekarar ta ƙare an nuna shi a wani zauren na birnin. Wannan gwagwarmayar tana cikin dayarinsa, kuma tana cikin wurare mafi zafi a littafin. Mutumin da ya yi wannan aikin ya san abin da ake yi da dayarin wanda ya mutu. Hakan ya ɗan rage mini nauyin.

Gargaɗi kan abin da ke ciki: littafin Burton ba na ajiyewa inda yara za su ɗauka ba ne. Akwai giya kusan kowane shafi, akwai batsa jefi-jefi, akwai cin mutuncin mutane da sunansu. Abin da ya rubuta a kan 'yar wasan barkwancin Amurka Lucille Ball bayan sun yi aiki tare a 1970 ya isa a kai mutum ƙara. Rickman ya fi kamun kai, cizonsa na sauro ne, sai bayan ya tashi ka ji ƙaiƙayi. Ana shan giya a nasa ma, amma ba ita ce labarin ba.

In duka biyun sun yi maka duhu, akwai na uku da zan ambata a gurguje. Michael Palin, ɗan wasan barkwanci na ƙungiyar Monty Python, ya fara ajiye dayari a 1969, an buga shi juzu'i huɗu tsakanin 2006 da 2024. Shi ne wanda ya ratsa Nijar a shirinsa na Sahara a 2002, ya kuma zo Najeriya har Kano a wani shirin da aka nuna a 2024, ko da yake tafiye-tafiyensa littattafansu daban. Mutum ne mai sanyin hali, Ingilishinsa a miƙe, ya fi duka sauƙin karantawa. Amma da ransa aka buga, shi ya zaɓi abin da za a gani, don haka kada ka sa ran jin abin da zai sa ka ajiye littafi ka yi shiru.

To, ga rabon. In kai mai son karatu ne don daɗin harshe da sanin halin ɗan Adam, ko da ba ka taɓa ganin fuskar Burton ba, shi za ka saya, ka fara daga 1965, ka koma wa dayarin yarintar bayan ka gama, lokacin da sanin ƙarshen yaron zai sa layukan nan guda-guda su yi nauyi. In harkar fim kake yi, ko kana son yi, Rickman ya fi amfani gare ka. In kuwa Snape kaɗai ya kawo ka, ka ari littafin a wurin wani, ka duba fihirisar baya, ka karanta shafukan da suka shafe ka cikin yini guda ka mayar masa da abinsa.

Wanda ya zaɓi Rickman, shawara ɗaya: kada ka karanta shi a jere kamar labari, zai gundure ka kafin ka kai 1996. Shan ruwan tsuntsaye ake yi masa, wata guda ko biyu kafin barci, waya a kusa don duba sunaye. Bugun takarda ya fi na waya, saboda zanen da ya yi wa shafukan. A haka za ka lura da abin da mai sauri ba zai gani ba, yadda jana'izar abokai take ƙaruwa shekara bayan shekara, da yadda daga watan Agustan 2015, bayan ɗan shanyewar jiki da ya kai ga gano wata sankarar ta daban a cikinsa, layukan suke ƙara gajarta, sunayen gidajen abinci suna ba sunayen likitoci wuri. A tsakiyar Disamba rubutun ya tsaya, Rima Horton ta karɓi alƙalamin ta ba da labarin makonnin da suka rage, har da yadda ya tsara jana'izarsa da kansa daga gadon asibiti.